Kafin Ku Shiga Tudun Marke

Garki, Abuja

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da ƙarfin jiki da natsuwar zuciya. Allah Ya tsare ka, kai da abokan tafiyarka, daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da direban tirelar da barci ya sace a kan sitiyari. Ya kai ku Bauci lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, amin.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa. Dalilin ka san shi. Ni da kai in muka fara magana ba a jimawa murya ta tashi, kai ka jawo Turanci, ni in jawo zamaninmu, sai Mamanku ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Ita takarda ba ta katse mutum. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma ban ga ƙarshenta ba, amma hannuna yana rubutu. Ka daure ka karanta har ƙasa.

Jiya da ka zo shago ka nuna mini hanyar da ƙungiyarku ta masu keke za ta bi a wayarka: Keffi, Akwanga, hawan Jos, sannan Bauci. Ka ce kai aka ba aikin neman masauki saboda Hausarka ta fi ta kowa a cikinku. Ina bin layin da yatsa sai na ga sunan Tudun Marke, ƙauyen nan da ke gindin duwatsu kafin a fara hawa. Na tambaye ka wa zai sauke ku a can. Ka ce, "Baba, ba ma buƙatar kowa. Tanti za mu kafa a filin firamare, abincinmu na cikin motar da ke bin mu." Akwai mai ciniki a gabana, sai na koma kansa. To yanzu ba shi, ga amsata: ban yarda ba. Akwai gidan da nake so ka sauka a garin, ka kuma faɗi sunana a ƙofarsa. Bari ka ji dalili.

Ka san na shigo garin nan daga Ƙaraye da famfo ɗaya da gwangwanin sholisho da tsofaffin tayoyi. A gindin mangwaro na zauna a Karmo ina yi wa leburori faci, mutanen da ke taka keke zuwa wuraren gini tun gari bai waye ba. Ba wanda ya bar mini gadon ko sifana. Shagon Garki mai ƙofa uku da kake shiga kana zaɓar keken da famfona na da ya fi shi nauyi, da waɗannan yatsun na gina shi. Ba alfahari ba ne, ko kuma in alfaharin ne, na biya kuɗinsa da gumi.

A waɗancan shekarun, kafin a haife ka, aka yi wa abokina Ila Dogo haihuwa a Bauci. Muna teburin mai shayi wani direba ya ce ai keke abin zagaya unguwa ne, ba ya kai mutum Bauci. Ni da bakina na ce zai kai, kuma za mu ci naman suna. Muka tashi mu bakwai, masu faci shida da mai shayin kansa, kowa a kan baƙin kekensa mai sanda, ba giya, ba hular kwano, ba motar da ke bin mu. Aka naɗa ni jagora don na fi kowa ƙafa, na kuma fi kowa baki.

Tafiyar keke tana da tsarinta, za ka gani. Ana idar da asuba a matsa tayoyi da yatsa, a ɗaure kaya a kariya, a nemi mai koko da ƙosai. A taka da sanyin safiya har rana ta fara cizo, sannan a nemi inuwa. A wanke riga a rafi a shanya ta a kan keke ta bushe ana tafe. Kafin mu kai Akwanga ba wanda ke iya zama a tabarma daidai. Ila har matashi ya ɗaura a sirdi, yara na binsa suna cewa ga mai jego a keke. Kuma duk inda muka tsaya sai wani ya ba mu wani abu. Mai gasa masara ta ƙi karɓar ko sisi. Wata Bafulatana ta dama mana fura ta tsaya tana dariyar ƙafafunmu. Da yamma kuwa ba mu taɓa rasa zauren da za mu miƙe ba. Tun ina godiya da zuciya ɗaya har na fara ganin kamar haƙƙinmu ne, tunda mu ne jarumawan da suka taho daga Abuja. Nan na fara karkacewa, kuma kai ma ka kula, don kyautar hanya tana saurin sa mutum ya ɗauka shi wani ne.

Ranar da za mu shiga Tudun Marke hadari ya haɗo tun hantsi. Na ce ba tsayawa cin abincin rana, sai mun kai gindin dutse. Mai shayi, wanda ya fi mu shekaru, yana can baya yana haki. Ila ya matso kusa da ni ya ce, "Sabo, cikina fa yana kiran sunanka."

Na ce, "Ka ce masa ina aiki."

Ya ce, "Ya ce zai kai ƙara."

Na ƙara wuta na bar su. Ruwan da nake gudu ya kama mu duk da haka, ya yi mana dukan tsiya, muka isa garin a jiƙe, ba abin da ya shiga cikinmu tun kokon safe. Ka riƙe wannan, Kabiru: tafiyar taro da ƙafar na baya ake auna ta, ba da ta na gaba ba. Kuma abincin rana ba ragwantaka ba ne. Wanda ya hana mutanensa ci da rana, shi zai ɗauki alhakin abin da za su yi da yamma a gidan mutane. In Oga Femi, shugaban naku, ya ce a wuce don agogon da ke kan kekensa bai gamsu ba, ka ce masa babanka ya gwada.

Muka shiga garin a kan keke, muna kaɗa ƙararrawa, muka wuce dattawa a zaune a rumfa muna ɗaga musu hannu kamar 'yan siyasa. Wannan ma kuskure ne. Ku sauka tun daga bakin gari ku tura. Ku cire hular kwano da baƙin gilashin nan, mutane su ga idonku. Wannan matsattsen wandon naku kuwa, wanda Mamanku ta hana a shanya mata shi a gaban gida, kowa ya ɗora dogon wando a kansa kafin ya yi wa dattijo sallama.

Duk da haka wani manomi, Baba Ɗanjuma, ya taso daga rumfar ya ce mu biyo shi. Kirista ne, amma kafin mu tambaya ya sa an kawo buta, ya shimfiɗa tabarma, ya nuna mana gabas. Ya hura mana wuta a zaure muka shanya kaya. Tsakiyar damina ce, lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo bai nuna ba. Ni ɗan manomi ne, na san abin da rumbu ke ciki a wannan watan. Yunwa ce ta shafe mini sanin.

Ana idar da magariba matarsa Ladi ta aiko da manyan kwanuka biyu, tuwon dawa da miyar karkashi. Yaran gidan suka jeru a bakin zaure suna kallonmu. Na ɗauka kekuna suke kallo. Muka faɗa wa tuwon nan. Kafin ka ce me, ƙasan kwano ya bayyana. Baba Ɗanjuma ya ce, "A ƙaro?"

Ka san irin tambayar nan. Ta ladabi ce, amsarta ɗaya: alhamdu lillahi, mun ƙoshi. Ni kuwa jagora, mai baki, na ce, "In da hali, Baba."

Ya tashi ya shiga ciki. Muna jin ana kankare tukunya. Aka kawo ƙanzo da sauran miya, muka cinye. Ila ya bi kwano da yatsa, ni na zuba ruwa na kaɗa na shanye. Babban ɗan gidan, Bitrus, ya shigo ɗaukar kwanuka. Ya leƙa na farko, ya leƙa na biyu, ya dubi ubansa. Uban ya dubi ƙasa. Ila har da cewa, "Mun hutar da ku wanki."

Kai a asibitin Garki aka haife ka, da farantinka da cokalinka ka tashi, don haka bari in faɗa maka abin da kowane ɗan ƙauye ya sani. A irin wannan gida, a irin wannan wata, ba a yin tukunya biyu. Abin da aka dafa shi ake fitar wa baƙo, abin da ya dawo a kwanon baƙo shi ne abincin yara. Baƙon kirki yana ci, ya yaba miya, ya cire hannu da saura, ya tura kwano. Yaran nan ba kekunanmu suke kallo ba. Jiran mu cire hannu suke yi.

Da safe Ladi da kanta ta kawo koko. Ta dire ƙwaryar a gabanmu, ba ta dube mu ba, ta fuskanci mijinta ta ce, "Maigida, ka faɗa wa baƙinka su shanye duka, kada su ji komai. Na yara na cire tun a tukunya. Jiya ne ban san irin baƙin ba."

Mai shayi ya ajiye ludayi. Ila ya ƙware. Ni kuma, maimakon in buɗe baki in ba da haƙuri, sai na cusa hannu a aljihu. Baba Ɗanjuma ya riƙe mini hannun tun bai fito ba, ya ce, "Ɗana, nan ba otal ba ne. Mayar." Kada ka taɓa yin wannan. Wanda ya sauke ka don Allah, in ka miƙa masa kuɗi a gaban iyalinsa, ka ce masa ke nan karamcinsa na sayarwa ne. Abin haushin, akwai kekuna biyu a jingine da rumbunsa, tayoyinsu a kwance, sarƙa ta yi tsatsa. Masu faci shida muka kwana a gidan da kayan aikinmu a kariya, ba wanda ya ce bari in duba. Abin da ya fi kuɗi yana hannunmu, muka ɗaure shi muka tafi.

Mun kai Bauci, mun ci naman suna, direban nan ya sha kunya. A hanyar dawowa muka sake tsayawa a ƙofar Baba Ɗanjuma da la'asar, muna sa ran tabarma. Ya fito ya amsa sallama da fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa, muka sha a tsaye. Sannan ya nuna hanya ya ce, "Garin gaba ba nisa ga mai keke. Allah Ya kiyaye." Na hau na taka. Na daɗe ina gaya wa kaina rowa ce. Daga baya neman abinci ya sha kaina, aure, haihuwarku, shago, na ajiye zancen.

Bara wani dillalin doya ya shigo shago sayen tayoyi. Muna hira ya ce shi mutumin Tudun Marke ne. Na ce na taɓa wucewa ta can. Da ya ga kekunan tsere a rataye sai ya fashe da dariya, ya ce, "Alhaji, ka san a garinmu in yaro ya suɗe kwano tas bai rage wa ƙanensa ba, abin da uwarsa ke ce masa? Sai ta ce, kai ɗan keken Abuja ne?"

Na ce, "Daga ina aka samo wannan?"

Ya ce, "Oho, mun taso mun tarar. Wai wasu mayunwata ne suka taɓa zuwa."

Na ɗaure masa tayoyinsa da hannuna. Na tambaye shi gidan Ɗanjuma. Ya ce tsohon ya rasu, Ladi na nan ta tsufa amma bakinta bai tsufa ba, Bitrus ne maigida yanzu, da jikokinsa.

Kabiru, ni mutum ne da ba wanda zai tsaya a Abuja ya ce na ci masa haƙƙi. Na sauke farali, na ba ku karatun da ban samu ba, almajiran sana'ata sun buɗe shaguna har Kubwa. Amma akwai garin da ake tsawata wa yara da ni. Ba su san sunana ba, amma ni na san da wa ake. Yaran da ba a haifa ba lokacin, da ni ake koya musu abin kunya. Wannan ba zan shiga kabari in bar shi yana yawo ba.

Mamanku ta ce, "To ka shiga mota ka kai musu buhun shinkafa mana, ka huta da juyi a gado." Na yi tunaninsa. Amma wanda ya sauko daga mota da babbar riga da buhu, Alhaji ne ya zo nuna arziki. Za su karɓa, su yi godiya, da yamma uwa ta ce wa ɗanta kai ɗan keken Abuja ne. Masu keke ne suka ɓata, masu keke ne za su gyara. Gwiwoyina kuwa yanzu ko matakalar shago sai da lallashi. Ina cikin wannan sai ga ka da wayarka da layinka ya bi ta ƙofar gidan. Ni ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba shawara nake nema ba.

Kafin a shiga garin akwai wata 'yar gada, da bishiyar marke a gefenta in ba a sare ba. Ku tsaya a nan. Mamanku ta yi muku dambun nama da soyayyar gyaɗa, ta cika babbar roba, ku haɗa da burodi. Kowa ya ci har idonsa ya daina rawa. Har Oga Femi, har likitar nan taku Ngozi da ke auna duk lomar da za ta kai baki. Ka yi musu bayani da Turancin da na biya kuɗinsa, su gane dalili. Wannan ita ce dabarar da na rasa: ba a shiga gidan mutane baƙunta da yunwar hanya. A kashe ta a bakin gari, sannan a shiga da mutunci.

Ku tura kekuna ku tambayi gidan Bitrus ɗan Ɗanjuma. In ya fito, ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni ranar da kake neman wani abu. Sannan ka ce masa, "Ni ɗan Sabo ne, wanda ya ce a ƙaro." Kada ka lulluɓe, kada ka ce wai wani abokin babanka ne. Za su yi dariya, wataƙila har a kira maƙwabta su zo su ga ɗan keken Abuja na gaske. Ladi za ta faɗi abin da zai sa kunnenka zafi. Ka tsaya ka sha. Na san halinka, nawa ne, ba ka son a yi maka dariya. Wannan karon ka bari a yi.

Yana iya yiwuwa Bitrus ya ba ku ruwa ya nuna muku hanya, kamar yadda ubansa ya yi mana. Yana da gaskiyarsa, shi ne ya leƙa kwanon. In haka ta faru ka yi godiya, ku je firamaren ku kafa tantinku, ba fushi. Amma ko ya sauke ku ko bai sauke ku ba, da safe ka zauna a ƙofar gidansa ka buɗe jakar da na sa a motarku. Akwai tayoyi da faci da sholisho da man sarƙa, na irin kekunan ƙauye, ba naku ba. Duk keken da aka turo ka gyara shi. Na koya maka faci tun kana firamare kana kuka kana cewa hannunka zai yi baƙi. Yau ga ranarsa. Ko tafiya za ta makara, ta makara.

In kuwa ya ce ku shigo, kuna da yawa, kada ku tare a gida ɗaya. Ka bar shi ya rarraba ku gidajen 'yan'uwa, ya fi ka sanin rumbun kowa. In an kawo abinci ku ci. Kada wani ya ce shi ya ƙoshi ko yana tsoron ruwan garin, ƙin ci ma wani cin fuskar ne. Ku sa hannu da gaske, ku yaba miya, a ji ku. Sannan ka dubi mutanenka, ku cire hannu tun tuwon ya fi rabi, ka tura kwano. In an ce a ƙaro, ka san amsa. Atamfar da Mamanku ta naɗe ta Ladi ce. Ka ba matar Bitrus ta kai mata ciki lokacin da za ku tafi, ba a gaban jama'a ba.

Na san abin da za ka ce: Baba, tsohon labari ne, wa ya damu. Ni na damu. Ba kuma don ni kaɗai ba. Bayanku wasu za su bi hanyar nan a keke, ruwa ya kama su, ba motar da ke bin su. Ina so in sun yi sallama a Tudun Marke a shimfiɗa musu tabarma, kada a nuna musu garin gaba.

Ka kula da birkinka a gangaren Jos, ka matsa shi kaɗan kaɗan, kada ka damƙe. Ka ba manyan motoci hanya ko kai ke da gaskiya. Kada ka bar sallah don gajiya, matafiyi an yi masa sauƙi. Ka riƙa waiwayen na baya. Ka kira Mamanku kullum, don ni take hana sakat in ba ka kira ba.

In ka dawo ba zan tambaye ka gudun da ka yi ba, ba zan kalli hotunan dutse ba sai daga baya. Tambayata ɗaya ce, ka zo mini da amsarta: yaron da ya shigo ɗaukar kwano, da ya leƙa ciki, fuskar ubansa ya duba kamar Bitrus, ko da gudu ya yi cikin gida da kwanon?

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya sa ƙafarka ta fi tawa ƙarfi, hannunka ya fi nawa sanin lokacin fita daga kwano. Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya sa ku ma a ce da ku haka bayan kun wuce. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mini da kai lafiya.

Mahaifinka,
Sabo Mai Faci